A Bar Ɗaya a Ƙugiya

Lis, bakin Bahar Maliya
Watan Shawwal

Zuwa ga uwargijiyata Mairama,

Assalamu alaikum. Bawanki na gado yana gaisuwa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Inna Ɗaso da ƙanenki Talal da iyalinsa. Yaya jikin Inna? Ni lafiyata lau, sai dai rana ta ƙona ni har ina jin za ki wuce ni a Hindawiyya ba ki gane ni ba.

Kada ki yi mamakin takarda a wannan zamani. Layin wayata ya mutu ranar da iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ta mutu, nan kuma ba mai ara maka waya ka yi zancen gida. Bandar, direban da ke kai kifi kasuwar Makka, shi zai riƙa kawo miki. Matata Shatu ba ta karatun boko, 'yata Ruƙayya kuwa Larabci kaɗai idonta ya sani. Ke da kika yi zaman aure a Kano, ke ce kawai za ki iya karanta musu. Don Allah ki karanta duka, har da shirmen.

Ki faɗa wa Shatu kafintanta ya zama masunci. Jirgin Talal baƙi yake ɗauka, masu hali daga Jidda da Riyad, a kai su can cikin teku inda ba a ganin ƙasa. Nakudan, wato mai tuƙin, wani mutumin Yaman ne, Marwan. Irin kamun da muke yi suna ce masa majarur. Ba a tsayawa a jefa ƙugiya a jira. Jirgi yana tafiya kamar sassarfar mutum, muna jan zaruruwa a bayansa, wasu kusa wasu nesa don kada su harɗe. A bakin kowanne akwai koto na roba mai geza, yana tsalle cikin kumfar jirgi, babban kifi ya zaci ƙarami ne ke gudun ceton rai. Kifin da baƙi suka fi so Marwan yana ce masa anfalus, su kuma dorado. Namijin goshinsa a tsaye yake, jikinsa kore da shuɗi da ruwan zinariya, ban taɓa ganin halitta mai kyansa ba. Aikina in duba inda tsuntsaye ke sara, da duk abin da ke yawo bisa ruwa, ko katako ko ciyawa ko tsohuwar jarka, don anfalus yana son inuwa.

Ga ainihin maganar. Zali, yayan Shatu, ya samar wa Ruƙayya hanya a Damagaram, makarantar horar da malamai ce da ake koyarwa da Larabci. Jarrabawar shiga bayan Babbar Salla ce, kuma ya ce baɗi shekarunta sun wuce na ɗauka. Kin san a nan karatunta ya tsaya tunda ba ta da takarda. Zali ya ce ofishin jakadanci zai ba su takardar fita ita da uwarta. Shatu ta ce sai an gyara tawa iƙamar mu san matsayinmu tukuna. Fasfona yana hannun Talal tun da aka rushe unguwarmu ta Nakkasa muka tare a saman gidanku. Ki taimaka ki tuna masa, ke yana jin nauyinki.

Bawanki,
Dauda


Hindawiyya, Makka
Ƙarshen Shawwal

Zuwa ga bawana Dauda,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana warin kifi, sai da na shanya ta a taga. Muna lafiya alhamdu lillahi. Inna dai jiki ya ƙi, ɓarinta na dama har yanzu bai motsa ba, amma bakinta yana nan daram, jiya ma sai da ta zage ni.

Na tara Shatu da Ruƙayya na karanta musu. Da na zo wurin kifi mai tsayayyen goshi, Shatu ta ce ashe ka haɗu da danginka a teku. Ruƙayya ta yi dariya har da hawaye, ta sa na maimaita. Ni kuma na ce ko ba komai bawana ya yi gaba, da katako yake yi wa bauta, yanzu kifi. Kada ka manta kakana namiji ne, kakarka ƙanwarsa ce, don haka ko sarkin teku ka zama, ni ce dai uwargijiyarka har a tashi duniya.

Ban san yadda za mu yi ba in ba Shatu. Inna ba ta karɓar kunu sai daga hannunta. Mun kawo mata 'yar aiki ta kora, matar Talal ta gwada ta tofar. Ni kuwa ka san ciwon bayana, ko juya ta ba na iyawa. Inna ta ce a faɗa maka Shatu 'yarta ce ba surukar dangi ba.

Na yi wa Talal maganar iƙama. Ya ce abin yana maktab, wato ofis, sai an sauya maka sana'a daga kafinta zuwa ma'aikacin jirgi, kuma bukra, gobe ke nan, in sha Allahu. Na ce wace bukrar, ya ce in daina yi masa shari'a a kan tabarmar abinci. Ka ƙara haƙuri. In takardarka ta fito, tasu Shatu mai sauƙi ce, sai a nema wa Ruƙayya makaranta a nan. Me za ta je yi Damagaram, garin da ko hanyar kasuwarsa ba ta sani ba? Yarinyar da aka haifa tana jin kiran sallar Harami daga shimfiɗarta.

Ka aiko wa uwargijiyarka da ɗayan kyakkyawan kifin nan in ga abin da ya ruɗe ka.

Mairama


Lis
Watan Zulƙida

Uwargijiyata,

Sallama da gaisuwa. Allah Ya ba Inna sauƙi, Ya saka wa mai jinya. Ina nan lafiya, sai zare da ya yanke ni a tafin hannu, ya kuma kama warkewa.

Na ba Bandar kifin da kika ce. Za ki gan shi ya koɗe kamar toka ki ce ƙarya na yi miki. Ba ƙarya ba ce, haka yake. Kyansa a ruwa yake, da an fito da shi launin ya fara gudu, kafin ya gama shure-shure ya zama abin da kika gani.

Bari in ba ki labarin yadda muka kama shi. Mun yi nisa sosai sai na hangi wani abu yana lilo bisa ruwa. Da muka matso, ashe ƙofa ce ta katako, har da sauran fenti kore. Ba ta Nakkasa ba ce, na sani, amma irin haɗin da nake yi ne. Marwan ya ce in bar kallon ƙofa in kalli ƙarƙashinta. Bai bi ta kanta ba, ya kewaya ta gefe don koto ya ratsa bakin inuwar. Nan take ƙwarƙwaron zare ya ɗauki kuka. Kifin ya yi sama yana walƙiya, ya faɗo, ya sake tashi. Baƙon da ke riƙe da sanda ya jawo shi har gindin jirgi, ni kuma na ɗauko ƙugiyar hannu mai doguwar ƙota zan cafko shi.

Marwan ya daka mini tsawa. Ya ce, "Halli, Dauda! Bar shi a ruwa!"

Ya kashe inji, ya karɓi sandar ya soke ta a mazauninta, ya bar kifin yana kewaye gefen jirgi da ƙugiya a baki. Ya ce in leƙa. Mairama, garke ne guda, sun biyo ɗan uwansu. Ya ce haka anfalus yake, muddin akwai ɗaya a ƙugiya yana iyo, sauran ba sa tafiya. In ka fito da shi, ko ya tsinke, sun watse. Muka riƙa jefa musu gutsuren kifi, baƙi suna ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya suna shewa suna hoto. Na farkon nan yana ta kewaye, ba a ja shi ba, ba a sake shi ba. Marwan yana ta sassauta masa zare kaɗan in ya gaji, don kada ya mutu da wuri. Sai da akwatin ƙanƙara ya cika aka ce in ɗauko shi. Shi ne wanda na aiko miki.

Tun ranar ban da sukuni. Ban ce Talal ya zauna ya shirya wani abu ba, Allah ne Ya san zuciya. Amma bukra ta bara ita ce ta bana. Ana sassauta mini zare kaɗan in na yi ƙorafi, matata tana jinya, 'yata tana wanke-wanke, ni ina jan ƙugiya. Kakanki ya iso Makka lokacin da ake ba mutane takardar ƙasa, tawa kakar ta tsaya a Abeshe tana jego, 'ya'yanta suka iso an rufe ƙofa. Bambancinmu ke nan, ba wani ba.

Saboda haka ga saƙona, ki karanta shi a hankali. Ki ce wa Shatu ta ɗauki Ruƙayya ta tafi gidansu, kada ta jira ni. Su kama hanya kafin cunkoson alhazai.

Ki gaishe mini da Inna ƙwarai.

Dauda


Hindawiyya
Ƙarshen Zulƙida

Bawana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna ta ɗan samu barci kwanan nan. Allah Ya warkar da hannun. Kifinka mun soya, Inna ma ta taɓa, ta ce ba laifi.

Dauda, ka san abin da ka rubuta kuwa? Miji ya aiko takarda daga nesa, a ciki ya ce matarsa ta tafi gidansu, kada ta jira shi. Ko a Kano, ko a Damagaram, ko a nan, wannan magana sunanta ɗaya. Ina karantawa a gabansu, idona ya riga bakina isa wurin, gabana ya faɗi. Na yi tari na tsallake layin, na wuce wurin gaisuwar Inna. Shatu ba ta lura ba, tana ta jimamin kifin da aka bari a ruwa, har tana cewa wannan Marwan ba shi da imani.

Washegari na tambayi malamin masallacinmu ba tare da na ambaci suna ba. Ya ce irin wannan lafazi niyyar mijin ake bi, sai an ji daga bakinsa. To ni ban san niyyarka ba. Takardar duk ɗaci ce daga sama har ƙasa, ka zagi Talal a fakaice, ka tono kakanni. Mutumin da rana ta dafa wa kai yana iya furta abin da zai yi nadama. Ba za a kashe auren da na yi wa guɗa ta bakina ba. Ka rubuto ka fayyace, in ka ce ba saki ba ne sai in karanta mata.

Zancen ƙugiya kuwa na ɗauke shi wasan taubasai, don in na ɗauke shi da gaske ba zan iya haɗiye shi ba. Wa ya buɗe muku ƙofa ranar da baladiyya, hukumar gari, ta shafa jan fentin rusau a bangonku?

Mairama

Ƙari: Yau kwana biyu da gama jifa. Takardar nan tana cikin jakata tun wancan watan. An ɗauke Bandar ya ja motar alhazai tsakanin Arfa da Muzdalifa, hanyar Makka kuma a rufe ga duk wanda ba shi da tasrihi, izinin shiga. Sai yau ya leƙo. Barka da Salla.


Lis
Watan Zulhajji

Mairama,

Sallama. Ina fatan kuna lafiya.

Na yi Salla a kan ruwa ina lissafin ko sun isa Yamai, ko sun kama hanyar Damagaram. Har na ce wa Marwan 'yata ta tafi karatu, ya yi mini barka. Ashe suna saman gidanku suna gyaran kayan cikin ragonku.

Saki? Ni da Shatu? Ke ce kika kai ta ɗakina a Nakkasa, kin san ko sunanta ban iya kira da ƙarfi ba. Na ce ta ɗauki Ruƙayya, na ambaci cunkoson alhazai, a takardar farko na gaya miki zancen Zali da jarrabawa. Wane mai saki ne yake damuwa da cunkoson hanya? Kina iya karanta mata ki tambaye ta yadda ta fahimta, ita ta san mijinta. Kin je wurin malam, ba ki je wurin mai maganar ba, alhali tana ɗaki ɗaya da ke tana goge wa Inna baki.

Ban ce ƙarya kike ba. Na yarda gabanki ya faɗi. Abin da nake so ki tambayi kanki shi ne, don aurena ya faɗi, ko don kunun Inna?

Ga shi a fayyace: ban saki Shatu ba, ba zan sake ta ba. Ki karanta mata layin nan da kika tsallake, da wannan takarda duka.

Kuma ki daina ce mini bawa. Da ina da gida da shago da ƙofar da nake rufewa, kalmar tana ba ni dariya. Yanzu fasfona yana aljihun ƙanenki.

Dauda


Hindawiyya
Farkon Muharram

Dauda,

Wa alaikumus salam. Inna jiki ya ƙara tsanani. Mu dai muna nan.

Na karanta musu, ban tsallake ko ɗigo ba, har da inda ka tambaye ni don me gabana ya faɗi. Na karanta shi da bakina a gaban matarka da 'yarka. Ina fatan ka huce.

Ban san amsar tambayarka ba, kuma ba na jin kana da ikon yi mini ita. Uwata ce take mutuwa a hankali a gabana. In na so a bar mata hannun da take yarda da shi, ban ga inda na zama azzaluma ba. Ka yi ta kwatanta mu da masu jirgi. Ni ban taɓa hawa jirgin Talal ba, ban ci riyal ɗaya daga cikinsa ba.

Jarrabawa ta wuce. Ruƙayya ta kulle kanta a ɗaki, ba ta yi mini magana sai gaisuwa. Amma Zali ya kira, ya ce za a sake zama na waɗanda suka makara kafin a buɗe makaranta, daga shi kuma babu wani.

Shatu ta ji saƙonka ta ce in rubuta maka nata yadda ta faɗa. Ta ce: "Ki ce masa ban taɓa zaton saki ba ne. Amma ba inda za ni in bar shi ba takarda, ba waya, a tsakiyar ruwa. Talal ya rantse mini da Ka'aba wannan watan za ta fito. In ta fito sai in kai yarinya in dawo." Ka ji. Ba ni na riƙe ta ba.

Cika-ciki ya matso, lokacin da muka saba tsokanar juna. Bana ban san da wane suna zan kira ka ba.

Mairama


Lis
Watan Muharram

Mairama,

Assalamu alaikum. Allah Ya sassauta wa Inna, Ya ba ki ladan haƙuri da ita. Lafiyata ƙalau, hannu ya warke.

Na gode da kika karanta duka. Gaskiyarki, ba ke kika riƙe Shatu ba. Ni na riƙe ta.

Shekaranjiya mun sake samun garke a ƙarƙashin wata ciyawa. Aka kama na farko, aka bar shi gefen jirgi kamar kullum, sauran suka taru. Ina tsugune ina yanka musu gutsuren kifi, wuƙa a hannuna, zaren yana gaban fuskata a miƙe. Na sa masa wuƙar. Kifin ya ɗan tsaya kamar bai yarda ba, sannan ya nutsa, garken duka ya bi shi. Kafin baƙi su gama salati ruwan ya zama wayam. Marwan ya zage ni da Larabcin da ban taɓa ji ba. Da muka juyo gida ya huce, na tambaye shi ko kifin zai rayu. Ya ce zai rayu, amma da ƙugiyar zai yi ta yawo a baki har ta yi tsatsa.

Gobe in Allah Ya kai mu zan bi Bandar zuwa shingen hanya in sauka, in miƙa kaina ga hukuma in ce ba ni da iƙama. Za su tsare ni a gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora, na wani lokaci, su ɗauki hoton yatsuna, su sa ni a jirgin sama. Na tambaya na ji, wanda ya fita ta wannan ƙofa ba ya dawowa aiki, kuma ban sa rai zan sake ganin Makka ba. Ina ɗan shekara shida aka shigo da ni garin nan a kafaɗa. Uwata da ubana suna kwance a cikinsa. Damagaram kuwa a bakin mutane kawai na san ta. Ba na so in tafi, Mairama, wallahi ba na so. Amma muddin ina kewaye gefen jirgin nan, Shatu ba za ta motsa ba, kuma zaman jarrabawar ba zai jira bukrar Talal ba.

Ki ce wa Talal ya riƙe fasfon, ba sauran abin da za a gyara. Ban yi masa Allah ya isa ba, ban kuma ce na yafe ba tukuna.

Ki ce wa Shatu mijinta ya tafi gidansu, yana jiranta a wurin Zali, ita da Ruƙayya. Wannan layin ba ya bukatar malam.

Kin ce ba ki san da wane suna za ki kira ni ba. Ki kira ni Dauda. In kin je ziyarar makabarta ki tsaya wa iyayena daga bakin katanga ki yi musu addu'a, don ba su da kowa a garin yanzu sai ke.

Ɗan uwanki,
Dauda

Shatu ta taɓa gaya mini cewa Inna tana son kununta da tsamiya kaɗan, ba zafi sosai, kuma sai an zauna ta hagunta ana yi mata hirar Damagaram take buɗe baki. Ki sa ta nuna miki kafin su tashi.